Motar da Ta Ƙi Amsa Kira

Da safe aka gano an sace wa farar motar Malama ƙwaƙwalwa, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, kafin rana ta take kuwa duk filin kanikawa ya gama yanke hukunci cewa Mai Na'ura ne. Ba wanda ya gan shi, ba wanda ya ji motsinsa. Shi ne dai na ƙarshe da ya taɓa motar, kuma dama can ana cike da shi. Mutumin da zai zo da ɗan akwati a hammata, ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari, ya faɗi ciwon mota ba tare da baƙin mai ya taɓa rigarsa ba, ina zai yi farin jini a wurin masu yini kwance a ƙarƙashin inji?

Labarin ya iske Mai Sawu a ƙofar ɗakinsa yana shafa wa gwiwa man zafi. Babbar 'yarsa ce ta kawo, matar Mai Na'urar, takalmanta ma wari da wari ta sako.

"Baba, sun kulle shi a ofishin Shugaba. Sun ce in rana ta faɗi ba a ga abin ba, 'yan sanda za su ba wa shi, filin kuma ya bar shi ke nan har abada."

Mai Sawu bai ɗago ba. Ƙuruciyarsa duk a bin sawu ta ƙare, shanun sata, awaki, wani lokacin yaron da ya ɓace a jeji. Ya ajiye aikin ne ranar da gwiwa ta ce ta gaji, shi ma bai yi mata musu ba.

"Ni kofato na sani," ya ce. "Mota me take bari a ƙasa in ban da baƙin mai?"

"To ka zo ka tsaya kawai, Baba. In sun ga furfurarka ko dukan za su rage."

Ya rufe kwalbar man, ya ce ta miƙo masa sandarsa.

*

Filin kamar kullum yake, rumfunan kwano a jere, matattun motoci sun yi tsatsa a gefe, ko'ina warin mai. Ruwan saman da aka tafka jiya da yamma ya bar caɓi, jama'a kuma sun tattake kewayen farar motar kamar an ci kasuwa a wurin. Mai Sawu ya dubi ƙasar ya yi tsaki. Tun yana saurayi haka mutane suke, sai sun gama kashe sawu sannan su aika a kira mai binsa.

Shugaban kanikawa ya taso da fara'ar dole.

"Dattijo, da ba ka wahalar da kanka ba. Surukinka ne, mun sani, amma biri ya yi kama da mutum."

"Ai shi ya sa nake so in ga wutsiyar."

Autan Mai Sawu ne ya kawo masa benci. A nan filin yake aiki shi ma, gyaran wayar mota, kuma kowa ya shaide shi da hannu mai kyau. Ya goge bencin da gefen rigarsa, ya karɓi sandar uban, ya ce rana za ta yi masa yawa.

"Kana nan jiya da yamma?"

"Ina nan, Baba."

"Ka ga wani abu?"

"Ruwa ya kori kowa. Ban ga komai ba."

*

Ofishin Shugaba ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, fanka da ba ta juyawa, tsofaffin batura a lungu. Mai Na'ura na zaune a kan ɗaya daga cikinsu, kuncinsa na hagu ya kumbura. Da ya ga surukinsa sai ya zame ƙasa ya durƙusa.

"Koma ka zauna, ba ranar kunya ba ce yau. Wa ya mare ka?"

"Mai bugun ƙarfe."

"A gaban wa?"

"A gaban kowa, Baba."

Mai Sawu ya ce ya faɗa masa komai, amma a hankali, kamar mai yi wa kurma bayani.

"Jiya Malama ta kawo motar, fitilar inji ta kama. Na soka na'ura, mota ta amsa. Ta ba ni lambar jikinta, ta faɗi ciwonta, wani ɗan abin auna iska ne ya gaji. Na ce ta bar ta a nan sai an samo sabo. Yau da safe mota ta ƙi tashi. Na soka, na'ura ta kawo wuta, ta yi ta lalube, ta ce ba amsa."

"Sai ka ce an yi sata."

"A'a, ai hakan na faruwa. Ba kowace mota ke jin yaren kowace na'ura ba. Wata tsohuwa ce, sai an sa mata wani kan soket. Wata sabuwa ce fil, sai an sabunta na'urar. Wata kuma fis ne kawai ya ƙone. Na duba fis, lafiya lau. Na haska haƙoran soket, ba wanda ya lanƙwashe. Na auna batir, na canja waya. Na soka na'urar a motar da ke kusa, nan take ta amsa."

Mai Sawu ya murza gwiwa.

"Saniyar da ta amsa kiranka jiya, yau ta ƙi, ko ta kurumce ko ba taka ba ce."

"Abin da na gani ke nan. Na leƙa bayan akwatin gaba, wajen ƙafar fasinja, na ga ƙwaƙwalwar da ke ciki ba tata ba ce. Irinsu ɗaya, amma wannan warin ƙuna take yi. Da na faɗa, sai suka ce ta yaya na sani in ba ni na musanya ba. Wasu kuma suka ce na'urata ce ta ƙona ta."

"Ta gasken fa? In an dasa ta a wata mota, za ta manta gidansu?"

"Ba ta mantawa. Lambar jikin farar motar tana cikinta. Duk motar da take ciki, in na soka, lambar Malama za ta fito."

Wannan kam Mai Sawu ya gane. Sa ne da aka ɗana wa shaidar wuta a cinya, ko garken wa ya shiga, shaidar na nan.

*

Shugaba ya ce in ba Mai Na'ura ba ne, to a dubi mai kayan gyara, tunda shi ke sayen duk abin da aka kawo masa ba tambaya. Mai Sawu ya ja ƙafa har ƙarshen filin, inda shagon yake. Mutumin na cin gyaɗa, ko tashi bai yi ba.

"Ƙwaƙwalwa? Ga su nan a kanta, ka zaɓa. In ka ga wadda za ta yi wa Shugaba daidai, kyauta na ba shi."

Akwai ɗaya da ba ƙura a kanta, Shugaba har ya fara murmushi. Aka kai ta wajen farar motar, sai ga bakin soket ɗinta ya fi na motar faɗi nesa ba kusa ba, ta wata babbar mota ce da aka fasa a makon nan. Mai kayan gyara ya karɓi abarsa yana ta mita, ya ce da ma ya san duk abin da ya ɓace a filin nan, ko kaza ce, shagonsa ake fara zuwa.

Daga nan aka ce mai bugun ƙarfe, tunda shi ya fi kowa zaƙewa da safe, wai mai laifi shi ke riga kowa ihu. Mai Sawu ya dubi hannayen mutumin, yatsu kamar turame. Ya miƙa masa ƙaramin sukurun da ke riƙe da akwatin gaban motar ya ce ya mayar masa. Sau uku sukurun na faɗuwa cikin caɓi. Mutumin ba shi da hankali, amma ba shi ba ne.

Rana ta karkata. Mai Sawu ya ji yunwa da gajiya, ya ji haushin kansa da ya baro inuwar ɗakinsa.

*

Abin da yake ta gudu tun safe shi ya rage, durƙuso. Ya sa aka buɗe ƙofar fasinja, ya dafa kujera ya sauka a hankali, gwiwar ta yi ƙara har na kusa suka ji. Ya cusa kansa ƙarƙashi, ya kunna 'yar tocila.

Ɓarawon mai tsafta ne. Bai yanke waya ko ɗaya ba, bai bar sukuru a kwance ba. Abu ɗaya ya tilasta masa: damin wayoyin da ya tare hanya an ɗaure shi tun daga kamfani da robar da ba ta kwantuwa, sai da ya datse ta. Da ya gama, bai iya barin wayoyin suna reto ba, sai ya yanko tsinken robar tayar keke ya sake ɗaure su.

Mai Sawu ya kai hasken kan ɗaurin, ya ƙura masa ido.

Zagaye biyu, sannan a naɗe wutsiyar a mayar da ita ciki ta ƙasa. Ba ya kwancewa da kansa ko sa ne ke fizga, amma mai shi ja ɗaya zai yi ya warware. Da shi Mai Sawu yake ɗaure dabbar da ya ƙwato kafin mai ita ya iso. Wani tsoho ne ya koya masa a jeji, tsohon ya daɗe a ƙasa. Shi kuma mutum ɗaya ya koya wa a duniya, a tsakar gida, da igiyar shanya, yaron yana ta kuka wai yatsunsa sun gaji.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ya ciro 'yar wuƙarsa ya yanke robar daga baya, yadda ƙullin ba zai lalace ba, ya jefa a aljihu.

"Ka ga wani abu, Dattijo?" in ji Shugaba daga waje.

"Na ga duhu. Ku ɗaga ni."

*

Bai koma benci ba. Ya zagaya bayan farar motar, can inda ƙafafu ba su kai ba, ya tsaya yana kallon caɓin. Akwai sawun taya kusa da ita, da sawun mutum ɗaya a gefen direba, yatsun ƙafa sun nutse, diddige bai taɓa ƙasa ba. Mai turi ke nan. Amma inda tayar ta fita, ta watsa laka baya, ba sawun kowa a tare da ita. An turo mota matacciya, ta fita da ƙafarta.

Maigadi na gyangyaɗi a bakin ƙofar filin. Mai Sawu ya zauna kusa da shi kamar mai neman inuwa.

"Wace mota ce ta fita bayan ruwa jiya?"

"Shuɗiyar tasi. Ai ta kwana biyu a rumfar ɗanka, ta ƙi tashi, direban har ya fara zagi. Ana ɗauke ruwa sai ga ta ta tashi garau. Na ce kai, yaron nan ɗan albarka ne."

"Iri ɗaya ce da farar?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Fenti ne ya raba su."

Mai Sawu ya yi godiya. Ya zauna a wurin, hannunsa cikin aljihu yana juya robar. Ba wanda ya ga ya yanke ta. In ya tashi yanzu ya ce sawu ya ɓace, ba mai ganin laifinsa, tsoho ne, ido ya yi rauni. Sai a tafi da mijin 'yarsa, ita kuma ta dawo gidansa da yara, ta riƙa zuba wa ƙanenta abinci tana gode masa da ya tsaya musu. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. To in hannu biyu ne, kuma dole a yanke ɗaya fa? Wanda ya yi karin maganar bai faɗi wannan ba.

Auta ya zo da ruwa a kofi. Uban ya karɓa, bai sha ba.

"Ba abin da kake so ka gaya mini?"

Yaron ya dubi kofin, ya dubi ƙofar ofis.

"Game da me, Baba?"

Wannan amsar ta fi ganin ƙullin yi masa ciwo. Mai Sawu ya zubar da ruwan a ƙasa, ya aika a gaya wa Shugaba ya sa a nemo direban shuɗiyar tasi a tasha, a kuma tara mutane.

*

Suka taru a gaban ofis rana na gab da faɗuwa. Malama na tsaye da jakarta a ƙirji, ta gaji da jira tun safe. Mai kayan gyara ya zo da gyaɗarsa. 'Yar Mai Sawu na can gefe, bakin ƙofa. Aka fito da Mai Na'ura, aka miƙa masa akwatinsa. Direban tasi ya shigo yana faɗa, wai an raba shi da fasinja.

"Ba za ka daɗe ba," in ji Mai Sawu. "Malama, ki duba gilashin motarki ta ƙasa, akwai lamba a rubuce. Shugaba, kai ka tsaya kan na'urar, kada a ce surukina ya yi dabo."

Mai Na'ura ya durƙusa ya soka wayar a ƙarƙashin sitiyarin shuɗiyar motar. Ya kunna na'urar. Fuskar na'urar ta yi haske, ta ɗan yi lalube, sai rubutu ya cika ta. Shugaba ya fara karantawa da ƙarfi, harafi da lamba, Malama na amsawa daga jikin farar motar. Har suka kai ƙarshe ba su saɓa ba.

Direban tasi ya ɗaga hannu biyu.

"Wallahi ni ban san komai ba. Gyara na kawo, gyara aka yi mini."

"Ba wanda ya ce ka sani."

"To wa ya dasa ta?" in ji Shugaba. Ya san amsar, kowa ma ya sani, amma ba mai son bakinsa ya fara faɗa a gaban tsohon. Sai ya nemi hanyar fita. "Ko da yake rumfa a buɗe take. Kowa zai iya shiga cikin ruwan nan ya yi abin da ya yi."

Ƙofa ce aka buɗe masa, Mai Sawu ya gan ta sarai. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro robar, ya ajiye a kan bonet ɗin farar motar.

"Da wannan aka ɗaure wayoyin bayan an gama. Ɗaurin nan mutum biyu ne suka iya shi a filin nan. Ɗayan kun ga yadda aka ɗago shi daga ƙasa ɗazu."

Bai dubi kowa ba. Ya ji ƙarar sifana ta faɗi, sannan muryar Auta, ƙasa-ƙasa.

"Ni ne."

Maganar ta fito masa a guntule. Yana gwada wayoyin tasin ne irin yadda aka saba, a goga wannan da wancan a ga tartsatsi, ya manta bai cire kan batir ba, ya taɓa wadda ba ta taɓuwa. Ƙwaƙwalwar ta ƙone a hannunsa. Shi da ake kawo wa aikin da ya gagari kowa, ya kasa buɗe baki ya ce ya yi ɓarna. Ga farar mota za ta kwana, ga ruwa ya kori mutane. Ya ce a ransa aro ne, zai samo wata ya mayar kafin a farga.

"Na yarda aro ka yi niyya," in ji uban. "Wanda ba zai dawo ba, ba ya ɗaurin ja ɗaya. Ƙonawar kuskure ce, kowa na yi. Musanyar tsoro ne. Amma da safe da aka mari mijin yayarka, kana ina?"

Auta ya sunkuya ya ɗauki sifanar da ta faɗi.

"Da na iso kuwa, bencina kake gogewa," Mai Sawu ya ce.

*

Sauran ba shi da tsawo. Aka mayar wa Malama ƙwaƙwalwar motarta, Mai Na'ura ya soka, ta amsa, aka murza makulli ta tashi. Malama ta ce ba ta son 'yan sanda, gida take son zuwa. Shugaba ya ce doka ɗaya ce ga kowa, Auta ya kwashe kayan aikinsa yau, ya kuma san yadda zai yi da direban tasi. Mai bugun ƙarfe ya zo yana sosa ƙeya zai ba da haƙuri, Mai Na'ura ya wuce shi kamar bai gan shi ba.

'Yar ta zo ta tsaya gaban ubanta. Ta buɗe baki za ta yi godiya, sai ta hango ƙanenta can a rumfa yana zuba filaya da tocila cikin buhu, ta rufe bakin. Ta miƙa wa uban sandarsa kawai.

Shi kaɗai ya koma gida, yana tafe yana hutawa. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya, ta riga ta ajiye kwanonin abinci biyu a rufe, nasa da na Auta.

"Sannu da hanya. An saki yaron?"

"An sake shi."

"Alhamdulillahi. Ɓarawon fa, an kama?"

"An kama."

"Madalla. Ya so ya kashe wa 'yata aure a banza. Ɗan gidan wa ne? Ai ni irin waɗannan iyayensu nake zargi, daga gida ake koyon komai."

Ta kai hannu ta ja wutsiyar igiyar shanyar sau ɗaya, ƙullin ya warware, igiyar ta faɗo. Mai Sawu ya bi ta da kallo har ƙasa, sannan ya dafa bango ya zauna.

"Gaskiyarki," ya ce. "Ajiye kayan nan ki zo ki zauna."